Ampul biyu a shagona, duk sun dushe

Tela daga Zariya:
Salamu alaikum jama'a. Shagon ɗinki gare ni a unguwar Zariya nan Maradi. Yaron maƙwabcina ya ja mini waya, ampul ɗaya bisa teburin yanka, ɗaya a rumfa, makunni guda. Irin na da ne masu zafi, na ciki wat 100, na rumfa wat 60. Ja-ja suke ci kamar garwashi, bayan magariba ko kafar allura ba ni gani. Abin da ya ɗaure mini kai, ƙaramin ya fi babban haske. In kuma na kwance na rumfa, na cikin sai ya mutu. Kuran ne ya yi rauni?

Mai gyaran kuran:
Wa alaikumus salam maigida. Kuran lafiyarshi lau, a jere yaron ya haɗa su, abin da muke ce ma seri. Waya ta shiga na farko, ta fito ta shiga na biyu, hanya ɗaya tal. Bolt 220 da ke shigo maka rabawa suke, babu wanda ya ƙoshi. Ka cire ɗaya, ka yanke hanyar. Makunnin ma ko ina yake a layin, duka yake kashewa. A sake haɗin, kowane ampul ya samu faz (waya mai wuta) da nutur (wayar da kuran ke komawa ta cikinta) nashi, wato paralel. Kuma don Allah makunni ya hau faz. In yana bisa nutur, ampul ya mutu amma mazauninshi na da wuta, ranar canji sai ya ja ka.

Malamin fizik:
Bari in ɗora kan maganar oga. ƴar wayar da ke cikin na 60 ta fi siranta, don haka ta fi tare kuran: wajen om 800 (om shi ne ma'aunin tare kuran), na 100 kuwa wajen 480, in suna ci sosai. A seri kuran iri ɗaya ke ratsa su, wanda ya fi tarewa shi ke kwashe bolt mafi yawa, ya fi zafi, ya fi haske. A paralel na 100 ke gaba.

Tela daga Zariya:
Madalla, Allah ya ƙara sani. To in na sayo LED a kasuwa fa, ba sai in huta ba?

Mai gyaran kuran:
A seri LED na iya yin ta ƙyaftawa ko ya ƙi ci sam. A gyara haɗin waya tukuna, maigida. A sauke kuran daga kwantar kafin kowa ya taɓa.