Wuƙar aljihu mai naɗewa: wacce ce ta ƙwarai, kuma yaya ake gane ta?

Mai Lambu, Dadin Kowa

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san ƙarfe. Wuƙar aljihu nake so, irin ta da mai naɗewa, ruwa ɗaya, mariƙin itace ko ƙaho, ba irin na yanzu da ake danna maɓalli su fito ba. Aikinta yankan igiya da tiyo, ɓare lemu, sai auren mangwaro in lokacinsa ya zo. Waɗanda ake bazawa a faranti a kasuwa, nan da nan sun dakushe ko sun fara girgiɗi. Wace iri ce ta fi inganci, me kuma mutum zai duba kafin ya ba da kuɗinsa? In maƙeranmu za su iya ƙera wadda ta fi ta waje, a faɗa mini abin da zan ce wa maƙerin.

Mai Shago, Babbar Kasuwar Gombe

Wa alaikumus salam, Malam. A cikin na waje, guda uku ne suka dace da aikin lambu.

Akwai Okapi. An fara yin ta a Solingen ta Jamus a 1902 don kasuwannin Afirka, sannan aka mayar da aikin Afirka ta Kudu a 1988. Ƙarfenta shi ne 1055, kabon ɗinsa kamar 0.55 cikin ɗari, don haka tana da ɗan laushi, da wuri take ɗaukar kaifi, da wuri kuma take sakinsa. Sifirin ɗinta, wato ƙarfen da ke danne ruwan ya riƙe shi, a waje yake, kwance a bayan mariƙin, da ɗan zobe da ake ja kafin ta rufu. Sabuwa takan zo ba kaifin kirki, sai ka zauna ka wasa ta.

Sai Opinel ta Faransa, wadda Joseph Opinel ya fara yi a 1890. Ita ba sifirin gare ta ba sam. Itace ne guda aka tsaga, ruwan ya shiga ciki, sai zoben ƙarfe a wuya da ake murɗawa ya kulle ta, wanda aka ƙara mata a 1955. Lamba 8 ce daidai aljihu, ruwanta santimita 8.5. In an rubuta Carbone a jiki, baƙin ƙarfe ce mai tsatsa, in an rubuta Inox, farin ƙarfe ce da ba ya tsatsa. Ruwanta siriri ne, shi ya sa ta fi sauran yanka mai tsabta. Aibinta ɗaya: da damina, musamman a Agusta, itacen yakan sha danshi ya kumbura ya riƙe ruwan gam. Maganinsa ka buga gindin mariƙin a kan katako, tsinin zai leƙo, sai ka ja.

Ta uku Douk-Douk, ita ma Faransa, garin Thiers, tun 1929. Mariƙinta falan ƙarfe ne da aka ninke, babu abin da zai kumbura ko ya tsage, sifirin ɗinta kuma da ƙarfi. Akwai samfurinta mai suna El Baraka da aka zana wa tambarin Agadas. Sai dai siririn mariƙin yana cin hannu in aikin ya yi tsawo.

Na Amurka irin su Case, masu mariƙin ƙashi, sun fi kyan gani, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin wuƙar da za ta riƙa faɗawa cikin kwarin ban-ruwa. Kuma kada sunan Laguiole ya ruɗe ka, ba na kamfani ɗaya ba ne, ana buga shi har a kan na Sin da Pakistan. Ni Opinel lamba 8 zan ce ka nema.

Ɗan Maƙera, Kumo

Alhaji ya yi bayani, amma suna a jikin wuƙa kowa na iya buga shi. Ingancin wuƙa mai naɗewa a wuri biyu yake: yadda aka gasa ƙarfen, da yadda gaɓarta ta zauna. Duka biyun ana gwada su a gaban mai sayarwa.

Buɗe ta gaba ɗaya, ka kama bayan ruwan da yatsu biyu kusa da tsini, ka jijjiga shi hagu da dama. Ko kaɗan bai kamata ya motsa ba. In ya motsa, ko dai ramin ƙusar gaɓa ya fi ƙusar faɗi, ko ba a dame kanta da kyau ba. Na biyun yana gyaruwa da ƙaramar guduma a kan uwar maƙera, bugu kaɗan-kaɗan kana gwadawa. Na farkon ba ya gyaruwa sai an sauya ƙusa. Sannan ka jijjiga shi sama da ƙasa. Motsi ta nan ya fi muni, don yana nuna gindin ruwan bai haɗu da bakin sifirin ba, kuma irin wannan ce ke rufewa a kan yatsa.

Rufe ta a hankali. Mai sifirin ya kamata ta riƙa turjiya tun daga farko, in ta kusa ƙarshe ta faɗa da kanta ka ji ƙas. In ta tafi salalo-salalo, sifirin ya mutu ko dama ba a gasa shi ba. Bayan ta rufu ka leƙa ta sama: ruwan ya zauna tsakiya, kada ya goga gefe. Shafa yatsa a kan mariƙin wajen tsini, in ka ji tsinin ya leƙo, bar ta, za ta huda aljihu ta huda cinya. Juyo bayanta, sifirin ya yi daidai da mariƙi a buɗe da kuma a rufe. Ɗaga ta ga rana, in haske na ratsawa tsakanin sifirin da gefunansa, nan ƙura da ruwan lemu za su taru.

Abin da mutane ba sa dubawa shi ne bakin kaifin bayan an rufe ta da ƙarfi. Sake buɗewa ka juya kaifin ga haske. In ka ga wani ɗan wuri yana ƙyalli, kaifin yana dukan sifirin ta ciki ke nan, saboda ɗan tudun da ke gindin ruwan, wanda ke tsayar da shi, ya yi gajere. Komai washin da ka yi mata, rufewa ɗaya ta dakusar da wurin.

Batun ƙarfe kuwa, in mai kaya ya yarda, goga ƙaramin magagari kusa da kaifin. Wanda ya gasu, magagarin zai zame ko ya ɗan kama kaɗan. In ya ci shi har gari na zuba, ɗanyen ƙarfe ne, ba zai riƙe kaifi ba.

Maƙeri zai iya yi maka, amma kada ka sa shi yin mai sifirin in ba ya saba ba, daidaita sifirin da gindin ruwa aikin milimita ne. Ka ce ya yi maka marar sifirin, mai ɗan jela a gindin ruwa da babban yatsa ke dannewa, irin tsarin Higonokami ta Japan. Ƙarfen ya zama tsohon magagari ko sifirin mota, ba rodin gini ba, rodi ba shi da kabon ɗin da zai yi taurin kirki. Kaurin bayan ruwa milimita 2 zuwa 2.5, tsawo santimita 8. A huda ramin ƙusa kafin gashi, bayan gashi ba ya huduwa. A zuga shi a gawayin ƙirya har maganaɗisu ya daina kama shi, a ɗan ƙara kaɗan, wajen digiri 800 ke nan, a tsoma cikin mai mai ɗumi. Ruwan sanyi yana tsaga siririn ruwan wuƙa ko ya karkatar da shi. Daga nan a goge shi ya yi fari, a ɗumama shi a hankali ta baya har kaifin ya yi ruwan zuma mai haske, kusan digiri 200. Wannan matakin ne masu gaggawa ke tsallakewa, sai wuƙa ta ɓalgace ranar farko. In kuma ya zarce ya yi shuɗi, ya yi laushi. Mariƙi a yi da busasshiyar ƙirya ko marke, da washa ta tagulla kowane gefe na gaɓar. Ƙaho yana da kyau, amma in bai bushe sosai ba hunturu zai lanƙwasa shi.

Tsohon Mahauci, Wunti, Bauchi

Sarkin ƙira, Allah ya ƙara basira. Abu ɗaya zan saɓa muku. Tunda Malam ya ce zai riƙa ɓare lemu, ni farin ƙarfe zan zaɓa masa. Tsamin lemu yana baƙanta baƙin ƙarfe cikin mintoci, ya bar ɗanɗanon ƙarfe a jikin lemun, gumin aljihu kuma ya ƙarasa sauran. Baƙi-baƙin ba laifi ba ne, yana ma ɗan kare ƙarfen, jan tsatsa ne ke ci. Wanda ya san ba zai riƙa goge wuƙa bayan kowane yanka ba, ya ɗauki Inox ya huta.

Wajen washi, dutse da ruwa, ban da injin garanda. Injin yana ƙona bakin kaifin cikin daƙiƙoƙi, da ka ga shuɗi gashin maƙeri ya tashi a banza. Kwantar da ruwan a kan dutse ka ɗaga bayansa kamar digiri 20, wato in faɗin ruwan santimita 2 ne, bayan ya tashi milimita 7. Wasa gefe ɗaya har ka ji ɗan ƙaiƙayi ya juyo ta ɗaya gefen tun daga gindi har tsini, sannan ka juya. Ƙarasa a bayan tsohon bel na fata, kana jan wuƙar baya-baya. In babu dutse mai laushi, samfefa lamba 600 da 1000 a kan gilashi ta wadatar.

Gaɓa tana son ɗigo ɗaya na man keken ɗinki, bayan an fitar da ƙura da tsinke. Ruwan da ke taɓa abinci a shafa masa man kaɗe. Man gyaɗa yana daskarewa a gaɓa ya zama danƙo.

Kuma don Allah kada a yi yanka da ita, ko na kaza, balle na layya, gajeriya ce kuma tana iya naɗewa. A bar ta gida ranar taron siyasa ko hawan salla, yadda batun 'yan daban kalare da sara-suka ya sa ido ke kan duk mai ƙarfe a aljihu. Filin jirgi ma sai cikin jakar da za a auna.

Mai Lambu, Dadin Kowa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To auren mangwaron fa, Baba, wannan washin na digiri 20 zai yi?

Ɗan Maƙera, Kumo

Zai yi, amma ba yadda ake so ba. Wuƙar aure gefe ɗaya ake wasa ta, ɗayan a bar shi shafal, don yankan ya fito miƙe ba tare da ƙundu ba, ɓawon reshe ya haɗu da na uwa babu rata. Mai gefe biyu tana karkacewa cikin itace. Victorinox ta Suwizalan na yin irinta, maƙeri ma zai iya. Ga mai amfani da hannun dama, idan ka riƙe ta kaifin na kallonka, gefen da aka wasa ya kasance a sama, shafal ɗin a kan reshe. Gangaren ya fi na ta aljihu kwanciya, kamar digiri 15. Ka ware ta don wannan aikin kaɗai, kada ta taɓa igiya ko tiyo, kuma ka goge ta da sifirit tsakanin bishiya da bishiya saboda cuta.