Ƙwaƙwalwa ko lakar ƙashin baya, wa ke riƙe da jiki? Musayar waƙa

Gwanin Ƙwar Biyu:
Salamu alaikum 'yan uwa. Na buɗe sabon fage, duk mai jin kansa ya shigo, amma a baiti dan Allah ba dogon surutu ba.

Ku matso in wasa gimbiya ƙwaƙwalwa,
Mai umarni a jiki, ita ke hanawa.

Fadarta ƙoƙon kai, katanga ta ƙashi,
Mayafi uku ta rufa, ba mai taɓawa.

Nauyinta bai cika kilo ɗaya da rabi ba,
Amma ɗaya bisa biyar na ƙarfin jiki take shanyewa.

Ƙwayoyi biliyan 86 ke mata fadanci,
Kowace da rassanta, suna ta ganawa.

Gani da ji da ƙamshi, har tuna jiya,
Duk gabanta ake zuwa a kwashi gaisuwa.

Nas Mai Baiti:
Sannu da ƙoƙari Malam Gwani, sai dai fadancin ya yi yawa wlh.

Gwani ka wasa gimbiya ka cika baki,
Ka bar laka a baya, kai ka manta.

In yatsanka ya taɓa wuta cikin duhu,
Wa ke janye hannu kafin ka ji zafinta?

Saƙo ya shiga laka, nan take ta yanke,
Ba ta jira fada ba, ta yi hukuncinta.

Sai daga baya labari ya hau sama,
Ka yi wayyo, alhali laka ta gama aikinta.

Jijiyoyi tagwaye 31 ke fita gefenta,
Gimbiyarka 12 kacal ke ƙofarta.

Ɗan Kallo:
Kai kai kai! Anti Nas ta kashe bakin tsanya. 31 da 12, ai lissafi ba ya ƙarya. A kawo ruwa a yayyafa wa Gwani hhhh

Gwanin Ƙwar Biyu:
Ɗan Kallo kai dama duk inda iska ta kaɗa nan kake. Anti ga naki.

Ɗan aike komai saurinsa ɗan aike ne,
Ba a taɓa naɗa masinja ya zama sarki.

Cikin 12 ɗin nan da kika raina,
Akwai ta gani, akwai ta ji, akwai ta motsa baki.

Ta 10 kuwa, begas, doguwar matafiya,
Ta lallashi zuciya, ta tada hanjin ciki.

Lakarki ta iya fizge hannu, na yarda,
To ta tsara mana baiti mu sha mamaki.

Ko da yake na ga alama a baitocinki,
Laka ce ta rubuta, kai na hutu ba ya aiki.

Nas Mai Baiti:
In laka ta katse a wuya, Malam Gwani,
Gimbiya ta yi ta ihu, ba hannun da zai ɗaga.

Gwanin Ƙwar Biyu:
In jini ya toshe a hagun ƙwaƙwalwa, Anti,
Ɓarin dama ya shanye, laka na zaune tana hange ta taga.

Mai Awon Kari:
Ni ba ruwana da wa ya fi wa, amma dan girman Allah ku dinga auna ɗango kafin ku turo. Gwani ɗangonka na farko gaɓa 12 ne, sai ga "Amma ɗaya bisa biyar na ƙarfin jiki take shanyewa" gaɓa 18 cif, na ƙirga sau biyu, to wane numfashi ne zai rera wannan mutum bai shaƙe ba, sannan biliyan 86 a tsakiyar waƙa, rerawa ake ko lissafin ofis? Anti ke ma ba ki tsira ba, kusan duk amsa-amonki "ta" ɗin mallaka ne, zafinta hukuncinta aikinta, wannan ai ko ɗan koyo ya iya.

Ɗan Kallo:
Malam kullum kai dai awo awo kamar tela, ba mu taɓa ganin ɗinkinka ba.

Uwar Zaure:
Malam Mai Awo da girmanka. Ai ba ƙirgen gaɓa kaɗai ne kari ba, kai ma ka sani, nauyin gaɓa ake dubawa, doguwa da gajera, kuma mai rerawa yakan ja nan ya haɗiye can. Ka bar yara su sake.

Mai Awon Kari:
Hajiya Allah ya ƙara girma, ai gara da kika faɗa, in nauyin gaɓa za a bi abin ya fi muni, don ba Mutaƙarab ba ne ba Kamil ba ne ba Ramal ba ne, ba shi da uba a aruli, ilimin awon karin waƙa na Larabawa. Haɗiyewa kuma gaɓa ɗaya ake haɗiyewa ba shida ba.

Gwanin Ƙwar Biyu:
Waƙar Hausa ta girmi arulinka Malam, da kunne muke aunawa.

Mai Awon Kari:
To kunnen ne ke buƙatar likita. Ɗan Kallo ka ce ba ka ga ɗinkina ba, ga shi, gajera doguwa doguwa har sau huɗu a kowane ɗango, ku ƙwanƙwasa ku ji:

Ƙwaƙwalwa tana can tana ba da doka,
Ta aika da saƙo cikin jijiyarka.

Akwai ɗan tsakani da ba ya rufewa,
Ruwa ne ya ɗauko ya kai har gabanka.

Uwar Zaure:
Toh fa, wannan kam ya zauna, gaskiya ɗaya ce.

Baƙon Zaure:
Afuwan na katse ku, ni sabo ne. Wai jijiyar da kuke ta faɗa ita ce wadda ake soka allura a ɗebi jini?

Nas Mai Baiti:
A'a ƙanena, sunan ne ya zo ɗaya. Ta jini bututu ce jini ke bi ta ciki, akwai kuma mai ɗaure tsoka da ƙashi irin agara, ita ma jijiya muke cewa, wadda muke magana kuwa kamar wayar lantarki take saƙo kawai take ɗauka, wasu su kai rahoto sama wasu su sauko da umarni. Yanzu bari in koma kan Malam.

Malam Mai Awo karinka ya zauna daram,
Amma "ruwa" da ka ce, ai sinadari ne.

Wuta ce ke gudu a jikin ƙwaya har ƙarshe,
Ta zo rata ta tsaya, don nan kogi ne.

Sai ƙwaya ta fesa sinadari ya haye,
Ya buga ƙofar ta gaba, shi mai fito ne.

Kan ratar nan an yi rigima tun kafin mu,
Golji na Italiya ya ce duk saƙa ɗaya ne.

Kahal na Sifaniya ya ce kowace ƙwaya daban take,
Kuma rinin da ya duba da shi, na Golji ne.

A 1906 aka raba musu Nobel su biyu,
Kyauta ɗaya, baki biyu, mai gaskiya Kahal ne.

Yadda Kahal ya ka da Golji da rininsa, ni ma ga naka karin, ƙwanƙwasa ka ji:

Ka auna, ka ƙirga, ka zauna, ka duba,
Fasaha tana can, awo bai taɓo ba.

Ɗan Kallo:
Wayyo Allah an yanka Malam da wuƙarsa! Anti ke ce sarauniyar ba ƙwaƙwalwa ba. Bari ni ma in taɓa, kar a yi dariya:

Jiya gwiwar hannuna ta bugi ƙofa,
Wuta ta ja ni zirrr har ƙaramin yatsa,
Na ce wa ya jona min lantarki,
Ashe jijiya ce ke kwance a wajen ba tsoka a kanta.

Mai Awon Kari:
Inna lillahi. Ƙofa, yatsa, lantarki, kanta. Amsa-amo huɗu a ɗango huɗu, kowa ya kama gabansa.

Ɗan Kallo:
Ai na ce kar a yi dariya. Amma dai maganar gaskiya ce ko Anti?

Nas Mai Baiti:
Gaskiya ce, jijiyar na bi ta bayan gwiwar hannu dab da fata, ita ke kula da ƙaramin yatsa da rabin na kusa da shi. Ilimi ka ci, waƙa kuma Allah ya kawo sauƙi.

Mai Bege:
Na zo a makare na tarar an yi nisa.

Ku yi ta faɗa kan kai da ƙashin baya,
Ni dai da na gan ta, ba kaina ne ya buga ba.

Zuciya ce ta yi tsalle kamar za ta fito,
Ƙwaƙwalwa ta ɗauke wuta, ba ta ce uffan ba.

Uwar Zaure:
Kai kuma ko zancen ƙashi ake sai ka kawo mana ita. Allah ya sa dai ta san kana yi.

Ɗan Kallo:
Ina Gwani ne wai, kwana biyu shiru, ko an kwantar da gimbiyar ne

Gwanin Ƙwar Biyu:
Ina nan daram.

Ƙanena Mai Bege, ido ne ya ɗau hoton,
Can ta ƙeya aka kai aka wanke shi.

Fada ta kaɗa ƙararrawar ko-ta-kwana,
Adirenalin ya zuba, bugu ya tashi.

Tafi ya jiƙe, baki ya bushe, ƙwayar ido ta buɗe,
Irin na wanda zaki ya biyo shi.

So da tsoro hanya ɗaya suke bi a jika,
Zuciya ganga ce, makaɗin na sama, je ka gaishe shi.

Mai Bege:
Yaya Gwani wato kana nufin tsoronta nake ji kenan. Toh akwai ƙamshin gaskiya.

Nas Mai Baiti:
Kwana 2 muna jira, Gwani, sai yau,
Jijiyarka ta amsa ba ta da sauri.

Mai rigar kitse takan kai mita 120 a sakan,
Saƙo na tsalle gaɓa zuwa gaɓa kamar fari.

Mara riga da ƙyar take mita 1 ko 2,
Irin taka ke nan, a nemo mata mayafi da wuri.

Kuma zuciya ganga ce mai kaɗa kanta,
Fada sai dai ta rage, ko ta yi ƙari.

Gwanin Ƙwar Biyu:
Wayata ce ta lalace Anti ba jijiya ba, ki jira ni da daddare, amsarki na kan wuta.

Ɗan Kallo:
Kan wuta? to a kula da yatsa, in ya taɓa dai laka ce za ta cece ka hhhh

Mai Awon Kari:
Anti, ɗangon mita 120 ɗin nan in an karanta shi da baki gaɓa 19 ne. Kin karya tarihin Gwani da ɗaya.