Wasiƙar Kakanmu ta 1958: zabi ne ko kuɗi?

Jikan akawu: Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka. Kakanmu akawu ne a En'e, ya rasu tun ina firamare. Damina ta rushe mana katanga, garin gyara muka tarar da akwatinsa na ƙarfe cike da wasiƙu, har da hotonsa da jar dara. Wata wasiƙa ta Afrilun 1958 ta nuna ya karɓi “twelve guineas” ranar “10th ult.”, zai mayar cikin “a fortnight”. Na fassara wa gida cewa zabi 12 ne, tunda “guinea fowl” ake ce wa zabo da Turanci. Yanzu Baffa ya ce a saya a kai wa magadan wanda ya ba shi bashin, kada bashi ya riƙe mamaci. Hankalina bai kwanta ba.

Tsohon hedimasta: Ɗana, babu zabo a nan. Guinea kuɗi ne, sule 21, wato fam ɗaya da sule ɗaya. Bashin fam 12 ne da sule 12. Ult. gajarcen ultimo ne, watan da ya wuce, kenan 10 ga Maris. Da watan da ake ciki ne, inst. zai rubuta. Fortnight kwana 14. Da naira ta zo a 1973, fam ya zama naira biyu. A biya naira 25 da kwabo 20.

Maman Khalifa: Ku gode Allah takarda ta fito. Ta gonar mahaifinmu tana hannun kawunmu shekara tara, ko gani ya hana mu, wai mu mata ne.

Ɗan kasuwa: Haba Malam, naira 25 me za ta saya yau? Guinea tsabar zinare ce, a biya da farashin zinare.

Tsohon hedimasta: Ingila ta daina buga wannan tsabar tun kafin 1820, sunan ne ya rage a lissafi. Shekara 35 ina koyarwa.

Maman Khalifa: Wa ya ce ma bai biya ba? Ku je wajen malaman fiƙihu.

Jikan akawu: Na gode Baba, amma fa Kaka ya yi kiwon zabi, Goggo ta tabbatar. Ba da ka na fassara ba. Kuma na riga na faɗa gaban kowa, Baffa har ya aika kasuwa a tambayo farashi.

Ɗan kasuwa: To su magadan, kun ma san inda suke?