Doki nawa ne ya ishi motar da aka yi wa gyara a Damagaram?

Zancen ya taso ne a zauren WhatsApp na masu sha'awar motoci na Damagaram, bayan wani matashi ya sako hoton Corolla ɗinsa ya ce zai cire injinta ya dasa wani mai turbo, wato na'urar da ke cusa ƙarin iska cikin inji don ƙara masa ƙarfi. Doki a nan shi ne ma'aunin ƙarfin inji.

Ɗan Sabon Gari: Salamu alaikum ƴan uwa. Ni dai na yanke shawara. Duk motar da ƙarfinta bai kai doki 300 ba, kar a ce mani an yi mata gyara, fenti kawai aka sake mata. Injin Corolla 1.6 doki ɗari da ɗan wani abu ne, ko motar amarya ba ka iya bi da shi. Ina shirin sauka Kano, Ƙofar Ruwa, in nemo injin da zai ba ni 300.

Baba Makaniki: Wa alaikumus salam. Ɗana, a ina za ka taka dokin 300 ɗin? Daga Birni zuwa kasuwar Dole, tsakanin ƴan kabu-kabu da adaidaita da amalanken jakai, giya ta uku ma da ƙyar kake shiga. Kuma Corollarka tayoyin gaba ne ke ja. Ka ɗora mata wannan ƙarfi, ka taka, gaban motar ya ɗaga, nauyi ya koma baya, tayar da ya kamata ta kama kwalta sai ta yi ta juyawa a wuri ɗaya, sitiyari yana fizgar hannunka hagu da dama. Balle kwaltarmu da iska ke shimfiɗa wa rairayi kullum.

Ɗan Sabon Gari: Baba, ai ba cikin gari kaɗai ake tuƙi ba. Akwai hanyar Mirya, akwai ta Takeita.

Direban Agadas: Bari in sa baki. Land Cruiser mai injin 1HZ, lita 4.2 na gazuwal, dokinta wajen 130 ne kacal. Da ita ake ɗaukar mutane da jarkoki da buhuna daga nan a bi Tanut a kai Agadas, a wuce har Dirku cikin Tenere. Abin da ke fitar da ita daga rairayi ƙarfin murɗa ne tun injin yana ƙasa-ƙasa, ba sai ya yi kururuwa ba. Yaro, kai lambar da za ka faɗa wa abokai a fada kake nema.

Ɗan Tudun Jamus: A'a yaya, kar a haɗa motar daji da motar kwalta, aikinsu daban. Ni ina bayan Ɗan Sabon Gari a abu ɗaya: ƙarfi yana ceton rai. Hanyar Maraɗi layi biyu ce, mai zuwa da mai dawowa. Ka tarar da tankar mai ta taso daga matatar SORAZ, wata na bin ta a baya, ka fito za ka wuce su da motar da ba ta da numfashi, sai ka daɗe a hannun da ba naka ba, ga bas ta kunno kai daga gaba. Mai ƙarfi ya taka ya wuce ya koma hannunsa cikin ƴan daƙiƙu. Wanda bai taɓa shiga wannan hali ba shi ne zai ce doki 100 ya isa.

Baba Makaniki: Wannan gaskiya ce, ban musa ba. Amma tsakanin 100 da 300 akwai tafiya mai nisa.

Malamin Fizik: Ku ba ni dama in kawo lissafi, don lambar doki ita kaɗai ba ta faɗin komai sai an san nauyin da take ja. Starlet Glanza mai turbo doki 135 gare ta, nauyinta kilo ɗari tara da ɗan ɗoriya. BMW 325i samfurin E36 doki 192 gare ta, nauyinta ya haura kilo 1,300. In ka raba, kowane doki a cikinsu yana jan kusan kilo 7, shi ya sa suke kusan kafaɗa da kafaɗa wajen tashi. Corolla mai kilo kamar 1,100 tana buƙatar doki 160 ne ta shiga wannan sahu, kuma Toyota da kanta ta yi injin da ke ba da haka, 4A-GE mai bawul 20, ba turbo, ɗan gidan su injin da ke cikin motar yanzu. Wannan ya ishe ka wuce tanka biyu a jere da kwanciyar hankali. Sai abu na biyu da nake so kowa ya riƙe: in gudu ya ninka, nisan tsayawa ba ninkawa yake ba, sau huɗu yake zama. A gudun kilomita 100, kafin ka ɗauke ƙafa daga totur ka kai birki, daƙiƙa ɗaya, motar ta ci kusan mita 28. Raƙumi ko garken awaki a hanyar Gure ba sa jiran ka gama lissafi.

Ɗan Sabon Gari: Malam, to me ya sa a Dubai da Amurka ake ganin Supra mai doki 1,000 tana yawo kan titi?

Malamin Fizik: Injin 2JZ na Supra a Japan da doki 280 aka rubuta shi daga kamfani. Masu kai shi 1,000 sun sake fistan, sun sake turbo da famfon mai da kuloci da giya, suna zuba man tsere, kuma akwai na'urar da ake ɗora motar a kanta a daidaita kwamfutar injin. Kuɗin aikin ba kaɗan ba ne. Wa zai daidaita maka taka a nan?

Baba Makaniki: Ku tsaya in gaya maku abin da nake gani da idona. A watan Afrilu da Mayu zafi a garin nan yana wuce digiri 40 a inuwa. Inji kuwa, cikin man da yake ƙonawa kusan kashi ɗaya cikin uku ne ke zama tafiya, sauran zafi ne da ke fita ta radiyeta da salansa. Ka ninka ƙarfi, ka ninka zafin, radiyetar kuma ita ce dai ta da, ƙura ta toshe rabin ramukanta, an cika ta da ruwan rijiya mai kanwa. Ga man kwalba na bakin hanya da ba ka san me aka gauraya a ciki ba. Injin turbo in ya haɗu da iska mai zafi da mai marar kyau sai ya fara ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani. Yaran ba sa ji saboda ƙarar salansa da kiɗa. Bara an jawo mani wata da igiya, na buɗe kan injin, fistan na uku ya huje, ramin ya isa ka zura babban yatsa, gefensa ya narke ya yi fari, man inji ya koma ruwan madara saboda ruwa ya shiga. Uwar yaron ce ta sayar da tumakinta aka yi wannan gyara. Har yau abin yana damuna.

Hajiya Mai Golf: Baba, Allah ya saka. Ni tambayata ga ƙanena ita ce: tayoyin da ke motarka na wace shekara ne? Je ka duba gefen taya, akwai lamba huɗu bayan rubutun DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Yawancinmu na hannu muke saye, waɗanda suka gama aiki a Turai, rana ta zo ta ƙarasa busar da su a nan. Kuma birkinka na baya har yanzu ganga ne. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina ganin waɗanda ake kawowa ranar ɗaurin aure bayan an yi wasan mota a ayarin amarya, kuma sau da yawa ba direban ba ne, yaron da ya tsaya kallo a bakin hanya ne.

Ɗan Tudun Jamus: Hajiya, wannan laifin direba ne, ba na inji ba. Da Starlet mai doki 75 ma ana kaɗe mutum.

Hajiya Mai Golf: Haka ne, amma mai 75 yana da lokacin da zai gane ya yi kuskure. Mai 300 kan tsohuwar taya ba ya samun wannan lokacin.

Direban Agadas: Akwai kuma takardu. Bayanan da ke kan katin mota su jandarma ke dubawa. Ka sake inji ba ka gyara takarda ba, ranar da tsautsayi ya faru masu inshora za su sami hujjar juya maka baya.

Ɗan Sabon Gari: Duk na ji. Amma ni har ga Allah 160 bai cika mani ido ba. In na sauko, 220 ne ƙarshe.

Malamin Fizik: Kilo 5 ke nan kan kowane doki. Motar da tayoyin baya ke ja za ta ɗauka, Corolla kuwa za ta ci maka tayoyin gaba da kuloci da sandunan tayoyi ba ƙaƙƙautawa.

Ɗan Tudun Jamus: To ya sayar da ita ya nemi E36 mana. Ni a wurina 200 ne daidai, ba na sauka ƙasa da haka.

Baba Makaniki: Ni ina nan kan 150 zuwa 160 ga wannan motar. Ɗana, kafin ka hau motar Kano, kawo ta gareji ranar Asabar da safe. Mu auna matsin injin, mu cire radiyeta a wanke, mu ga birki. In ka je Ƙofar Ruwa, fara da tayoyi huɗu sabbi da birkin faifai na baya, sannan ka kira ni kafin ka biya kuɗin kowane inji, ka karanto mani lambar da ke jikinsa.

Ɗan Sabon Gari: In sha Allahu Baba zan kawo ta. Amma maganar turbo ban janye ba tukuna.