Hajiyarmu na son taka gadar Tsitsikamma, ga ciwon gwiwa: in kai ta?

Ummu Sadik: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina karatu a Gqeberha, Afirka ta Kudu, Hajiyarmu za ta zo mini a Satumba. Ta ga hoton gadar nan mai lilo ta bakin kogin Storms, a gandun dajin Tsitsikamma, ta ce lallai sai ta taka ta. Gwiwarta ta dama ce ke damunta, matakala na ba ta wahala. Wanda ya taɓa bin hanyar, don Allah yaya hawa da gangaren suke? In kai ta ko in lallashe ta?

Abban Nura: Wa alaikumus salam. Ku bi hanyar Otter kawai, kwana 5 a ƙafa har Nature's Valley. Teku a hagu, kurmi a dama. Babu kamarta.

Binta: Malam, dattijuwa mai ciwon gwiwa fa ta ce.

Malam Garba: Otter ɗin nan ita ta ƙona mini rai. Mutum 12 kaɗai ake bari su tashi a rana, shi ya sa ake kama wuri tun da watanni. Wani ejan ya rantse ya kama mana, muka tura kuɗi, muka sayi takalma da jakunkunan goyo, har lokacin janyewar ruwan teku muka lissafa saboda tsallake kogin Bloukrans a rana ta huɗu. Muka isa, ma'aikaciyar ta bi takardarta da yatsa daga sama har ƙasa, ta sake bi, babu sunanmu. Na kira shi, waya a kashe. Abokin tafiyata hutu ba albashi ya ɗauka, har yau kunyarsa nake ji.

Ummu Sadik: Allah ya mayar da alheri, Baba. Nawa ne ma kuɗin shiga?

Abban Nura: Bai kai rand 100 ba.

Binta: Haba dai! Kusan 300 na biya ni kaɗai.

Yaya Sani: Duk gaskiyarku. Farashi uku ne: na 'yan ƙasa da mazauna, na 'yan ƙasashen SADC (ƙungiyar ƙasashen kudancin Afirka), sai na sauran baƙi. Hajiya na baƙi za ta biya. Hanyar kuwa, ƙanwata, kusan kilomita 1 ce zuwa gada, katako aka shimfiɗa cikin kurmi, amma matakala ce bayan matakala, kuma dab da gadar gangaren ya fi tsanani. Saukowa ke cin gwiwa, ba hawa ba. Gadar mita 77 ce, tana motsi, ruwan kogin baƙi-baƙi kamar shayi a ƙasanki. Da ni ne, wurin katon itacen nan, Big Tree, zan kai ta, can gefen titin N2. Hanyar ta fi sauƙi, itacen kuma ya yi ɗaruruwan shekaru.

Abban Nura: Kar ka tsorata ta. Na ga tsofaffi da sanda suna bi.

Yaya Sani: Ka gansu suna tafiya. Ka ga dawowarsu?

Malam Garba: Ni dai na ce kar ta yarda da kowane ejan.

Abban Nura: Baba, da girmanka, kai da ba ka shiga ba me za ka faɗa kan hanya?

Malam Garba: Na shiga. Ranar nan gadar muka je don huce takaici, muka zauna kan dutse muna kallon rema. Kwana biyu cinyoyina suna ciwo.

Ɗan Auta: A kai Hajiya gadar Bloukrans a ɗaura mata igiya ta yi tsalle ƙasa, mita 216, ba ruwan gwiwa 😂

Binta: Allah ya shirye ka. Amma maganar ejan gaskiya ce. Ni a hayar mota aka cuce ni, kamfanin ya riƙe kuɗin ajiyata wai na karce ƙofa, alhali da karcen na karɓe ta.

Malam Garba: Kin ɗauki hoto kafin ki tashi?

Binta: Na ɗauka, suka ce babu kwanan wata a jiki.

Ummu Sadik: Yaya Sani, akwai wurin zama a hanya idan ta gaji?

Abban Nura: Binta, da kati kika biya ko hannu da hannu?