Fafaroma Leo da talakawa: wace kalma za mu yi amfani da ita?

1. 'Yan'uwa masu fassara, musamman masu shirya wa'azi da Hausa a Zariya da Kano da Sakkwato da Maradi, ga wani aiki da ya same mu. Tun da aka zaɓi Fafaroma Leo na 14 ranar 8 ga Mayun 2025, ake ta maimaita wata jimla da Sifaniyanci, opción preferencial por los pobres, wato fifikon da Ikilisiya ta zaɓa ta bai wa talakawa, kowa kuma yana juya ta yadda ya ga dama.

2. Asalinta daga Latin Amurka take. Bishop-bishop na yankin suka ɗora tubalinta a taron Medellín na ƙasar Kolombiya a 1968, ta fito fili a taron Puebla na ƙasar Meziko a 1979. Leo kuwa, ko da yake haifaffen Chicago ne, Peru ce ta gasa shi: ya je can a 1985, ya zama bishop na Chiclayo a 2015, ya tara kuɗin injinan iskar numfashi lokacin korona, ya tsaya wa 'yan gudun hijirar Venezuela. Babbar wasiƙarsa ta farko, Dilexi te, wadda ya sa wa hannu ranar 4 ga Oktoban 2025, kacokan a kan wannan batu take.

3. Na ga ana rubuta "zaɓin talakawa". Don Allah a daina. Bahaushe in ya ji wannan, allon ɗan takara yake gani. Ga shi kuma ta juya maganar: a can Ikilisiya ce ke zaɓa, a nan ya zama talakawa ne suka zaɓa.

4. Shi kansa "talaka" yana da nauyin tarihi. A wurinmu talaka shi ne wanda ba ya riƙe da sarauta ko mulki, ko da yana da shanu ɗari. Kalmar Malam Aminu Kano ce da NEPU, kuma ina girmama ta, amma ta faɗaɗa da yawa. "Matalauta" ita Littafi Mai Tsarki ke amfani da ita, sai dai ta tsaya a aljihu. Abin da wasiƙar ke nufi ya haɗa da mara lafiya, da ɗan kurkuku, da baƙon da ya tsallako iyaka, da macen da aka danne ba mai jin kukanta. Abin da ya haɗa su duka: ba su da mai tsaya musu. Hausa ta riga ta raɗa musu suna, marasa gata.

5. Saura fifikon. Ba wariya ba ce, domin ba a kori mai kuɗi daga coci ba. Uwa mai 'ya'ya biyar, in ɗaya ya kwanta ciwo, gefensa take kwana, ba don ta rage son sauran ba. Kuma ba sadakar da ake miƙawa a wuce ba ce. Ana tambayar me ya hana mutum albashin kirki, wa ya ƙwace gonarsa. Shi ya sa Fafaroman ya ɗauki sunan Fafaroma Leo na 13, wanda ya rubuta wasiƙa kan haƙƙin ma'aikata a 1891.

6. Don haka ni na tsaya a kan "fifita marasa gata". Tana shiga jimla ba gargada: "Fafaroma ya ce fifita marasa gata wajibi ne a kan kowane Kirista." Mutanen Nijar, ku gwada ta a bakinku, ku gaya mana ko "marasa galihu" ta fi zama a kunnenku.