Saƙon ƙarya ya ci mini buhun shinkafa, in daina karɓar kuɗi ta salula?

Mai shago a unguwar Zariya ta Maraɗi: Assalamu alaikum ƴan uwa. Shekara shida ke nan ina riƙe da shagon yayana, tun da ya tafi Agadas. Da can hannu da hannu muke ciniki, matsalarmu guda ita ce canji. Mutum ya sayi sukari na dala arba'in ya miƙo jikka biyar, sai in aika yaro gidan mai don neman ƴan canji, wani lokacin ma in cika wa mutum da alawa. Bara na fara karɓar kuɗi ta salula saboda ma'aikatan unguwa sun matsa. Ranar Laraba bayan magariba, ga wuta an ɗauke, wani saurayi mai tsabta ya ɗauki buhun shinkafa da galan na mai, jikka 21. Salulata ta yi ƙara, na ga saƙo da adadin daidai, ya ɗora kaya a babur ya tafi. Da safe na je cirewa, mai kiyos ya ce babu ko dala da ta shigo. Kuma layin da sunan yayana yake, ban gaya masa ba tukuna. Kwana biyu ban yi barci ba. Mi ya kamata in yi?

Alhaji na Babbar Kasuwa: Wa alaikumus salam. Yaro, kuɗin da hannunka bai ƙirga ba, ba naka ba ne. Shekara talatin ina ɗauko kaya daga Kano ta Jibiya da Ɗan Isa, ban taɓa sakin buhu saboda ƙarar waya ba. Rufe abin nan yau.

Mai kiyos: Allah ya mayar da alheri. Saƙon da lambar mutum ta kawo shi ba shaida ba ce, kowa na iya rubuta shi ya turo. Na gaskiya da sunan kamfani yake zuwa. Ko Airtel Money ne, ko Flooz na Moov, ko Zamani Cash, ka buga lambar duba asusu, ka sa lambarka ta sirri, ka ga kuɗin sun ƙaru da idonka kafin kaya su fita. Ka adana saƙon, ka kai shi ga ƴan sanda.

Mai shago: Ai ka san yadda rezo yake da dare. Mutum biyar na tsaye, in ce su jira in duba? Kuma saurayin ya yi mini sallama da suna.

Wata uwar gida: Ni abin da ke ci mini rai kuɗin cirewa ne. Maigida na Yamai, yana turo na cefane ta Nita ko Amana, nan ba laifi. Amma ranar da ya turo ta layi, mai tumatir ba ta karɓa, mai nama ba ya karɓa, dole in cire a yanke. Wa zai cika mini gibin? Na yi magana ya ce ban da godiya.

Alhaji: Kun ji ko? Kowa ya ci a jikin kuɗinka kafin su iso.

Wani ɗan canji: Alhaji, da girmanka, farkon 2023 da Najeriya ta sauya takardun naira, tsaba ta ɓace a Katsina da Kano. Wa ya yi ciniki a lokacin in ba mai OPay da POS ba? Mu da muke da tsofaffin takardu a jaka mun san abin da munka gani.

Alhaji: Waccan naira ce. Sefa muke magana. Kada ka koya mini kasuwa.

Mai kiyos: Ɗan uwa, ka fara da sa layi da sunanka da katinka na ɗan ƙasa. Ranar da aka toshe wancan, sai yayanka ya zo da kansa.

Mai shago: In na sauya lamba masu bashi na rabin unguwa da tsohuwar suka saba, ga shi ƙarshen wata ta nan suke biya. Kuma in na rufe kamar yadda Alhaji ya ce, shagon da ke gaba da ni zai kwashe malaman makaranta duka. Ni dai yadda zan gaya wa yayana nake tambaya, ba wanda ya taɓa wannan.

Wata uwar gida: Gaya masa gaskiya kawai. Amma shinkafar, nawa kake sayar da tiya yanzu?